A Ware Wa Keke Hanyarsa: Darasi Daga Bakin Kogin Danub

'Yan'uwana ɗalibai, a darasin labarin ƙasa mun sha jin sunan Kogin Danub, mun kuma sha zana shi a taswira. Mun san cewa shi ne na biyu a tsawo a duk nahiyar Turai, yana tasowa daga kudancin Jamus, ya yi tafiyar kilomita wajen 2,850, ya bi ta ƙasashe goma kafin ya faɗa Bahar Aswad. Abin da ba a cika faɗa mana ba shi ne, a gefen wannan kogi akwai wata siririyar hanya da aka hana mota bi, aka bar wa masu keke da masu tafiya a ƙasa. A kan wannan hanya nake so in yi magana, domin ni a ganina waɗanda suka yanke wannan shawara sun yi daidai, kuma ina da dalilaina.

Da farko bari in bayyana yadda hanyar take. Sashenta da ya fi suna shi ne wanda ya tashi daga garin Passau, a kan iyakar Jamus da Ostiriya, ya nufi Biyana, babban birnin Ostiriya. Tsawonsa ya kai kilomita 320 ko sama da haka kaɗan, watau wajen mil 200. Yawancinsa an shimfiɗa masa kwalta, kuma ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, domin a kowace kilomita guda kogin ba ya gangarawa fiye da rabin mita. Wanda ya bi yadda ruwa ke gudu, daga yamma zuwa gabas, gangare yake yi a hankali ba tare da ya sani ba, daɗin daɗawa kuma iska ta fi busowa daga yamma, sai ta riƙa tura shi ta baya. Mutum mai matsakaicin ƙarfi yakan yi kilomita 50 ko 60 a yini, ya isa Biyana cikin kwana shida ko bakwai.

Asalin hanyar ma abin lura ne. A zamanin da, kafin a ƙago injin tururi, jirgin ruwa yakan gangara da kansa, amma in zai koma sama tilas a ja shi. Sai a ɗaura wa jiragen igiyoyi masu kauri, dawaki da yawa su jeru a bakin gaɓa suna ja, dauke da kaya irin su hatsi da ruwan inabi. Sawun dawakin nan shi ya haifar da turba a gefen kogin. A shekarar 1829 aka kafa kamfanin jiragen tururi na Danub a Biyana, daga nan aikin dawaki ya yi ta ja da baya har ya mutu, turbar ta zama ta ma'aikatan kula da gaɓar kogi. Tun daga shekarun 1980 ne aka shiga gyara ta, ana haɗa guntayenta, ana kafa alamu, har ta zama hanyar keke. Ashe ke nan ba wani sabon abu suka ƙirƙiro ba, tsohon abin da ke hannunsu suka duba suka ga yana da sauran amfani.

Dalilina na farko shi ne rai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a rahotonta na 2023 cewa mutum wajen miliyan 1.19 ke mutuwa kowace shekara ta hanyar haɗarin mota, fiye da rabinsu kuwa masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur. Ta kuma ce babu abin da ya fi kashe yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 29 kamar haɗarin hanya. Mu ke nan fa ake nufi, mu da ƙannenmu. Dalili kuwa a fili yake. Mai mota yana cikin akwatin ƙarfe, mai keke kuwa jikinsa ne garkuwarsa. In suka haɗu a hanya ɗaya, ko wane ne mai laifi, mai keke ne zai kwanta. Ana iya yi wa direbobi wa'azi dare da rana, ana iya cika hanya da alluna, amma maganin da ya fi kowane shi ne a raba su. Saboda an raba su ɗin ne a bakin Danub za ka ga tsoho da tsohuwa suna tuƙa kekensu, ga jikoki a gaba suna tsere, ba wanda gabansa ke faɗuwa don ya ji ƙarar babbar mota a bayansa.

Dalili na biyu shi ne ilmi. Hausawa na cewa tafiya mabuɗin ilmi, amma ni ina ganin ba kowace tafiya ba ce. Mai mota yakan tashi daga Passau ya isa Biyana cikin awa uku, in ka tambaye shi abin da ya gani sai ya ce kwalta da bayan motar da ke gabansa. Mai keke kuwa, tun da hankalinsa a kwance yake, idonsa na da damar kallo, kuma duk inda ya ga dama sai ya taka birki ya jingine kekensa. Bari mu bi shi mu ga abin da zai tarar.

A Passau zai ga inda koguna uku suka haɗu, Danub da Inn da Ilz, kowane da launin ruwansa. Gaba kaɗan, a wani wuri da ake kira Schlögen, kogin ya ci karo da dutse mai tauri ya kasa huda shi, sai ya yi kwana ya juyo kamar zai koma inda ya fito, sa'an nan ya sake juyawa. A nan hanya takan ƙare a gaɓa ɗaya, sai mai keke ya shiga ɗan jirgin fito a ƙetare da shi. Abin da muke haddacewa a aji game da yadda kogi ke lanƙwasa, ga shi nan ido da ido, gani kuwa ya kori ji.

Bayan ya wuce birnin Linz zai iso garin Mauthausen. A bisa tudun da ke bayan garin nan ne gwamnatin Hitila ta kafa sansanin azabtar da mutane daga 1938 zuwa 1945. Mutum wajen 190,000 aka tsare a nan da sauran rassansa, aƙalla 90,000 daga cikinsu suka mutu, da yawa a wurin fasa dutse. An bar wurin a matsayin abin tunawa. Wanda ya sha hawan tudun nan da ƙafarsa, yana haki yana gumi, ya shiga ya ga ɗakunan, ba na jin zai ƙara ɗaukar labarin Yaƙin Duniya na Biyu a matsayin tambayar jarrabawa kawai.

Daga nan sai Melk, inda wani ƙasaitaccen gini mai launin ɗorawa yake zaune a kan dutse yana kallon kogi. Gidan masu zuhudu ne na Kirista, suna nan tun shekarar 1089, ginin da ake gani yanzu kuwa an yi shi tsakanin 1702 da 1736. A cikinsa akwai ɗakin karatu mai ɗauke da tsofaffin littattafan da aka rubuta da hannu, akwai kuma makarantar da ta faro tun ƙarni na 12, har yau ɗalibai irinmu suna karatu a ciki.

Daga Melk zuwa Krems, tafiyar da ba ta kai kilomita 40 ba, shi ne kwarin Wachau, wanda hukumar UNESCO ta sanya cikin wuraren tarihi na duniya a shekarar 2000. A nan manoma sun sassare gangaren tuddai, sun jera duwatsu hawa-hawa kamar matakala, sun dasa inabi. A ƙauyen Willendorf aka tono wani ɗan mutum-mutumin mace na dutse a 1908, lokacin da ake aikin hanyar jirgin ƙasa. Tsawonsa bai wuce santimita 11 ba, amma masana sun ce ya kusa shekara 30,000. Can gaba kuma ga Dürnstein, ƙaramin gari mai kangon gidan sarauta a bisa dutse. A nan aka tsare Sarkin Ingila Richard na Ɗaya, mai laƙabin Zuciyar Zaki, bayan an kama shi kusa da Biyana a watan Disamba na 1192, yana kan hanyarsa ta komawa gida daga yaƙin da ya yi da Salahuddin Ayyubi a kan Birnin Ƙudus. Bai sami kansa ba sai a 1194, bayan mutanen Ingila sun tara azurfa mai ɗimbin yawa ta fansa. Da kason da mai mulkin Ostiriya ya samu aka ƙarfafa ganuwar Biyana. To, jama'a, wane aji ne zai haɗa maka wannan duka cikin mako guda?

Dalili na uku shi ne abincin mutanen ƙauye. Babbar hanyar mota takan kewaye ƙauyuka ne, matafiyi ya wuce fuu, kuɗinsa na aljihunsa. Mai keke kuwa ba ya iya wuce ƙauye da yawa bai ji ƙishirwa ko yunwa ba, in rana ta faɗi kuma duk inda ya kai nan zai nemi masauki. Saboda haka kuɗinsa yakan warwatsu a kan hanya: kaɗan ga mai gidan abinci, kaɗan ga mai jirgin fito, kaɗan ga mai faci, kaɗan ga manomin da ya kasa 'ya'yan itace a ƙofar gonarsa. Ƙauyen da ke samun irin wannan ciniki, samarinsa na da dalilin zama, tsofaffin gidajensa kuma na samun mai gyara su.

Na san akwai masu ja da wannan ra'ayi, kuma ya kamata a saurare su. Wani zai ce ai ɓata lokaci ne, don me za a yi kwana bakwai a tafiyar awa uku? Amsata ita ce, wanda ke da uzurin gaggawa ga babbar hanya can, ga kuma jirgin ƙasa, ba wanda ya hana shi. Abin da aka ce kawai shi ne a bar wa wanda ba ya sauri wurin da zai bi. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.

Wani kuma zai ce hanyar ba ta rasa aibi, wannan kuwa gaskiya ne. A wasu wurare, musamman inda dutse ya matse kogi, tilas mai keke ya bi gefen titin mota ko ya ratsa tsakiyar gari. Da bazarar Turai kuma mutane sukan yi yawa har a riƙa gogayya. Sa'an nan ga ambaliya. A watan Yuni na 2013 ruwa ya tashi a Passau har ya kusa mita 13, abin da ba a taɓa gani ba tun shekarar 1501, ya kuwa rufe hanyar a wurare da dama. Amma duk waɗannan dalilai ne na a ƙara gyara. Hasali ma dai, in ruwa zai ci hanya, gara ya ci siririyar turbar keke mai sauƙin gyara da a ce wani babban titi ne ko gidajen mutane aka gina a bakin gaɓar.

Magana ta ƙarshe ita ce wadda na fi ji a bakin 'yan'uwana ɗalibai, wai keke abin hawan talaka ne, wanda ya samu ai sai mota. Wannan magana tana ba ni mamaki. Mutanen da ke bin hanyar Danub sun fito ne daga ƙasashen da ake ƙera motoci, da yawansu kuma sun bar motocinsu a gida da gangan. Ba rashi ya sa su hawa keke ba. Sun gane cewa keke ba ya shan mai, ba ya hayaƙi, ba ya damun kowa da ƙara, yana kuma ƙara wa mai shi lafiya. Abin da ke sa mutum ya guji keke, in an bi diddigi, yawanci tsoro ne, tsoron kuwa na mota ne. A cire mota daga hanya a gani, mai kuɗi da talaka duk za su fito.

Saboda haka nake kira gare mu, mu da za mu zama injiniyoyi da ma'aikatan tsara gari da shugabannin gobe, mu riƙe wannan darasi. Da yawa daga cikinmu da keke muke zuwa makaranta, mun kuma san yadda zuciya ke bugawa in tirela ta matse mu a gefen kwalta. Duk ranar da aka ɗora wa ɗayanmu alhakin zana hanya, ya tuna cewa ba mai mota kaɗai ke da haƙƙi a kanta ba. In ya ga tsohuwar turba a bakin kogi ko a gefen magudanar ruwan noman rani, kada ya yi gaggawar miƙa wa mota ita. Ya gyara ta, ya kafa mata alama, ya bar wa mai keke abinsa.