Ɗalibi Ba Buhun Hatsi Ba Ne

Abin takaici ne a ce ɗalibi ya shekara uku a jami'a ana ɗura masa karatu kamar buhu, sai a shekarar ƙarshe a ce ya yi bincike. Wanda bai taɓa riƙe fartanya ba, ta yaya zai yi huɗa? Shi ya sa satar kundin wani ta zama ruwan dare.

A 1987 hukumar kimiyya ta Amurka ta buɗe wani shiri na biyan ɗaliban digirin farko alawus don su yi makonni goma suna bincike tare da malamansu. A 1988 aka buɗe shirin Meyerhoff a Maryland, da farko domin baƙaƙen fata, waɗanda aka daɗe ana cewa kimiyya ta fi ƙarfinsu. Da yawansu sun kai ga digirin dakta.

Siffanta al'amari da lissafi ba tsafi ba ne. A 1911 Ronald Ross ya nuna da lissafi cewa ba sai an kashe sauro duka ba: in yawansu ya yi ƙasa da wani mizani, zazzaɓin cizon sauro zai ja baya. Wa ya fi cancanta da wannan aiki, in ba ɗan talakan da ya kwana da sauron ba?

Masu cewa ba kuɗi, Ross bai mallaki kwamfuta ba. Malamai, mu ja yaran nan jiki tun daga aji biyu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.