Durom Uku, Hoto Guda, Shara Tana Nan Inda Take



A zangon karatun da ya wuce na raka maigida, Allah ya ja zamaninsa, wani buki a ɗaya daga cikin makarantun gwamnati na unguwarmu a nan Ankara ta ƙasar Gana. An kafa rumfa, an jera kujeru, an tsayar da yara a rana suna tafi. Baƙi suka zo da durom uku sababbi ful, kore da shuɗi da rawaya: na roba, na takarda, na ragowar abinci. Aka yi jawabai da Turanci, aka ɗauki hoto, maigida ya sa albarka, aka watse. Bayan wata biyu na koma da wasiƙa wurin hedimasta. Durom guda na same shi cike da ruwa a gindin mai sayar da shinkafa da wake. Guda ya yi ɓatan dabo. Na ukun yana nan an ɗura masa komai da komai, kuma ina tsaye mai aboboya ya zo ya juye shi cikin sauran bola ya tafi. Yara suna kallo.

Wannan kallon shi ya hana ni barci. Yaron da aka ce masa ya ware leda daga takarda, sannan ya ga an haɗe su a mota guda, an koya masa darasi, kuma ya haddace shi: maganar manya ta ranar buki ce. Gara ma ba a fara ba.

Tuhumata ta farko tana kan masu kawo irin wannan shiri. Sun zo da durom da fenti da mai hoto, ba su zo da mai saye ba. Alhali sake sarrafa shara ciniki ne kafin ya zama komai. In babu wanda zai zo ƙofar makaranta ranar kaza, ya auna, ya biya, ya kwashe, to abin da aka tara sunansa juji, ko da kuwa a durom mai launin bakan gizo yake. Abin takaici, masu sayen nan ba a Turai suke ba. Suna cikin zangunanmu. Mata ne da ke bin tasha da kasuwa suna tsintar ledar piya wata suna cusa ta a buhu, da samarin da ke tura kura suna neman tsohon ƙarfe, da dillalan da ke kai kaya masana'antu a narka su a yi bokiti da baho. A garin nan akwai masu ɗinka jakar makaranta da ledar ruwa, akwai masu gauraya roba da yashi su buga bulon daɓen hanya. Ranar bukin ban ga ko ɗayansu a rumfa ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma an bar shi a waje an gayyato masu laima. Haka hukuma ta yi musu a watan Yuli na 2021, lokacin da ta rushe matattarar 'yan gwangwan ta Agbogbloshie. Ba na kare hayaƙin wayar da ake ƙonawa a can, guba ce. Sai dai mutanen da suka san farashin kowane irin ƙarfe da kowace irin roba an tarwatsa su, sannan aka dawo ana koya wa 'ya'yansu sana'ar daga allon bango.

Tuhuma ta biyu ta fi ɗaci, domin a kanmu take. A taron iyayen yara na ji wani dattijo, wanda nake ganin girmansa, ya miƙe ya ce shi boko ya kai ɗansa, bai kai shi bola ba. Aka yi masa kabbara. To, baba, da izininka, ledar da ɗan naka ya sha ruwa ya yar, ɗan wa kake so ya ɗauka? Yaushe muka zama masu ƙyamar gyara abin da muka ɓata? Mu ne fa jikokin waɗanda suka mayar da gwangwanin madara fitilar aci-balbal, suka yanka tsohuwar taya suka yi takalmi da guga, suka ɗinka tsumma ya zama abin rufa. A ƙasar Kano jakuna ke fita da sharar birni zuwa gonaki a matsayin taki, su komo da itace. Mu da muka yi makarantar allo, allo guda muke rubutawa mu wanke, mu sake rubutawa, har ƙane ya gāje shi. Ko kalmar bola da duk ƙasar nan ke faɗa, a bakinmu aka ji ta. Sannan babin tsarki muka fara sha a Ahalari kafin malam ya kai mu ga salla. Mutum ya kyautata alwala, ya fito ya tsallake kwatar da ledarsa ta toshe ya shiga masallaci, bai ga komai a ciki ba. Amma a ce ɗansa ya sunkuya ya ɗauki leda, nan ne mutunci ya zube?

Wanda ya ɗauka wannan maganar ado ce, ya tuna daren 3 ga Yuni, 2015. Ruwa ya cika magudanu, Odaw ta yi ambaliya, wuta ta tashi a gidan mai da ke Sakul, inda jama'a suka fake, sama da mutum 150 suka rasu. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Ba shara kaɗai ta jawo ba, akwai gine-gine a kan hanyar ruwa, amma kowa ya ga abin da aka yi ta tsamowa daga magudanu bayan nan. Babbar kwatar Nima da Mamobi can take zubawa. Shekara guda kafin haka, a 2014, kwalara ta kashe sama da mutum 200 a ƙasar nan, har gwamnati ta tsayar da Asabar ta farko a kowane wata ranar tsabta. Aka fito da tsintsiya da shebur, aka yi hoto, sannu a hankali abin ya yi sanyi. Cutar guda ce da ta durom ukun nan.

Mu yi lissafin 'yan kasuwa. A ce makaranta tana da yara 400, kowa ya sha ledar ruwa biyu a yini. Leda 800 ke nan, a kwana biyar 4,000. Yanzu ina suke zuwa? Wasu kwata, wasu kuma bayan aji ake tara su a cinna musu wuta, yara na shaƙar hayaƙin suna karatu. Ba zan yaudare ku ba, leda ba ta da nauyi, sai an cika buhuna kafin sikeli ya motsa, kuma kuɗin ba zai gina aji ba. Zai sayi sabulu da tsintsiya da alli, ya gyara famfo. Abin da ya fi kuɗin shi ne yara su ga an auna a gabansu, an rubuta a littafi, an karanta adadin a fili ranar Litinin. Na shekara fiye da ashirin ina riƙe littafin fada, na kuma san abin da ke kashe aikin gayya: kuɗin da ba a rubuta ba. Ranar da aka fara raɗe-raɗin cewa malam wane ne ke cin kuɗin leda, ranar shirin ya mutu, ko da malamin bai taɓa ko fesuwa ba. Saboda haka littafin ya zama da sa hannu biyu, na malamin da ke kula da shirin lafiya na makaranta da na wakilin iyaye, a kuma samu keji mai kwaɗo inda ruwan sama da awaki ba za su kai ga buhunan ba.

Iyaye suna da gaskiya a wuri guda, kuma a nan ina tare da su ɗari bisa ɗari. Kada a mayar da tsintar leda horo ga wanda ya makara, domin abin da aka yi wa yaro bulala da shi ba zai so shi ba har ya tsufa. Kada a fid da yara daga aji lokacin darasi, kada a tura su juji ko kasuwa neman ƙari don a cika buhu. Sharar makarantarsu kaɗai. Kwalba da allura da batir da tsohuwar waya ba kayan hannun yara ba ne.

Akwai kuma abin da baƙin nan ba su sani ba, da sun tambaye mu da mun gaya musu. Tun 1987 da aka kafa sashen ilimin Musulunci a ƙarƙashin hukumar ilimi ta ƙasa, makarantunmu da yawa na gwamnati ne, ana karatun boko da na Arabiyya a aji guda. Cikin takardun da yara ke yarwa akwai masu ɗauke da aya da sunan Allah. Durom ɗin takarda da ba a yi wa wannan tanadi ba, ƙarshensa a ga aya an naɗe ƙosai da ita, kuma ranar da haka ta faru malamai za su rufe shirin, ni ma zan taya su. Maganinsa akwati guda na dabam a hannun malamin Arabiyya, shi ya san yadda ake yi da su. Kafinta zai haɗa shi a yini guda.

Na gabatar wa maigida wannan magana a rubuce, ya kuma yarda a kira zama bayan sallar La'asar ranar Asabar: hedimasta, limamin unguwa, magajiya, ɗan majalisar unguwa, da biyu daga cikin matan da ke sayen leda. Na roƙi a zaunar da matan nan a sahun gaba, su fara magana, su faɗi ranar da za su riƙa zuwa da farashin da za su iya biya. Dattijon da ya yi maganar bola shi ma na kai masa takardar gayyata da hannuna. Ya karɓa, ya ce zai duba.