RA'AYI: Gina Mai Bi Ya Fi Gina Majami'a

Duk wanda ya bi ta Nyanya ko Mararaba ko Kubwa da safiyar Lahadi zai ga yadda majami'u ke tsere wajen tsawon gini da ƙarfin lasifika. Fastocin taron farfaɗowa sun mamaye gadoji da turakun lantarki, kowace da hoton babban mai wa'azin da za a je saurare. Abin da ba a cika gani ba shi ne sanarwar ajin da za a zaunar da tela da direba da mai sayar da tumatir, a koya masu abin da suka gaskata da yadda za su zauna da maƙwabci. Nan ne giɓin yake, domin wannan telan da wannan direban su ne Kiristan da jama'a ke cuɗanya da shi kwana shida a mako. Fasto kuwa mabiyansa ne kawai suka san shi.

Tarihin ikkilisiya a Arewa ya nuna cewa ba manyan masu wa'azi ne suka ɗauki nauyin aikin ba. Turawan mishan ba su taɓa yin yawa ba, tun daga ƙungiyar SIM da ta fara yunƙuri a 1893, da SUM da ta sauka Wase a 1904, har zuwa 'Yan'uwa da suka kafa zango a Garkida a 1923. Abin da suka fi dagewa a kai shi ne koyar da karatu. Da aka kammala fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa a 1932, aikin da Likita Walter Miller na Zariya ya taka rawa sosai a cikinsa, sai manomi daga Kagoro ko Tangale ko Langtang ya iya buɗe littafin ya karanta wa 'yan'uwansa ba tare da jiran Bature ba. Irin waɗannan manoma ne suka zama masu bishara. Sukan tashi da iyalinsu su koma wani ƙauye, su nemi gona, su ci guminsu, da yamma kuma su tara yara su koya masu baƙi da wasali. Ƙungiyar masu bishara ta EMS, wadda aka kafa a 1948 kuma take ƙarƙashin ECWA, a kan irin wannan sadaukarwa ta ginu.

A farkon shekarun 1960 aka ɗaga wannan tunani zuwa wani mataki da shirin Sabon Rai Don Kowa, wanda ya haɗa ɗariku daban-daban kuma ya yi cibiya a Jos. Ginshiƙinsa shi ne cewa shaida aikin kowane mai bi ne. Aka kafa ƙananan rukunonin addu'a a gidaje, aka ba mutane horo na makonni kafin a tura su ziyara biyu-biyu. Haka nan Zumuntar Mata, wadda har yau ita ce ƙashin bayan yawancin ikkilisiyoyin Arewa. Matan da ake gani cikin anko suna waƙa da tulu su ne ke fara isa gidan haihuwa da gidan rasuwa, su ne ke kai tuwo asibiti, su ne suka san gwauruwar da ba ta hura wuta ba tun jiya. A fannin lafiya ma, shirin kiwon lafiyar karkara na Lardin Gabas da aka gudanar daga Garkida a shekarun 1970 ya yi suna ne saboda ya ɗauki mutanen ƙauye ya horar da su, suka riƙa koyar da tsabtar ruwa da rigakafin cututtuka ta hanyar ba da labari.

Amfanin wannan horo ya fito fili a ranar wuya. Lokacin da Boko Haram ta mamaye hedikwatar Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya da ke Kwarhi kusa da Mubi a watan Oktoban 2014, fastoci da mabiya suka watsu zuwa Yola da Jos da Abuja da Kamaru. Gine-gine sun ƙone, amma duk inda aka sami dattijo ko uwa da ta san littafinta, an ci gaba da sujada da rarrashin masu makoki. Daga cikin wannan tashin hankali ne aka kafa matsugunin Gurku a Jihar Nasarawa, inda Kirista da Musulmi da suka gudo daga Arewa maso Gabas ke zaune wuri ɗaya. Wuta na iya cin rufin kwano cikin sa'a guda, amma ba ta cin abin da aka dasa a zuciyar mutum.

Akwai dalili na biyu da ya sa batun ya shafi kowa, har da wanda ba Kirista ba. Sashe na 38 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin yin addininsa da yaɗa shi. To amma magana zarar bunu ce. Rikicin Kafanchan na watan Maris 1987 ya faro ne daga taƙaddama kan wa'azi a harabar Kwalejin Ilimi, ya bazu zuwa Kaduna da Zariya da Funtuwa. Babu kalmar da ta halatta zubar da jini, kuma alhakin kisa yana wuyan wanda ya yi kisa. Duk da haka, mai zafin nama da aka miƙa wa makirufo ba tare da an koya masa ladabin magana ba yana iya jawo wa unguwa guda abin da ba ta shirya masa ba. Gwamnatoci sukan nemi magance wannan da lasisi, kamar ƙudirin dokar wa'azi da Jihar Kaduna ta gabatar a 2016 wanda ya tayar da ƙura. Takardar izini ba ta koya wa mutum tausasa harshe. Wannan aikin ikkilisiya ne, kamar yadda yake aikin malamai a ɗaya ɓangaren.

Horon da ake buƙata ba mai wuyar tsarawa ba ne. Na farko, mai bi ya san littafinsa da kansa, cikin harshen da yake ji, don kada ya zama abincin masu sayar da mai da ruwan mu'ujiza. Na biyu, ya iya bayyana abin da ya gaskata ba tare da taɓa mutuncin abin da wani yake girmamawa ba, ya kuma san cewa idan aka ce masa a'a, zumunci bai ƙare ba. Na uku, ya san addinin maƙwabcinsa daga bakin masu shi, ba daga jita-jitar WhatsApp ba. Na huɗu, ya koyi hidima da hannu: jinyar marar lafiya, sauraron wanda aka sako daga hannun masu garkuwa, koya wa matashi sana'a, sasanta ma'aurata.

Wasu daga cikin Musulmi suna zargin cewa taimakon coci ƙugiya ce da aka rufe da tsutsa. Zargin ba zai gushe da musu ba, sai da hali. Labarin Basamariye da ke cikin Bisharar Luka bai nuna mai taimakon ya tambayi wanda aka yi wa fashi addininsa ba, bai kuma gindaya masa sharaɗi ba. Buhun masarar da aka bayar don a saye imanin mayunwaci cin amana ne ga mai karɓa da kuma addinin mai bayarwa. Asibitocin Wusasa da Vom da Galmi a Jamhuriyar Nijar sun samu amincewar jama'a ne domin sun daɗe suna duba duk wanda ya zo. Wajibi ne a koya wa kowane mai bi wannan ƙa'ida tun daga ajin baftisma.

Wasu shugabannin ikkilisiya kuma suna tsoron cewa mabiyi mai ilimi zai fara tambayar inda baiko ya shiga, ko ya ɓalle ya buɗe tasa majami'ar. Tambayar lissafi ba tawaye ba ce, kuma ɓallewa ta fi yawa a inda aka tara komai a hannun mutum ɗaya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Faston da ke da mabiya ɗari biyar ba zai iya ziyartar kowane marar lafiya ba, amma mutum hamsin da ya horar za su iya.

Saboda haka, ya kamata majalisun dattawa su sake duba kasafin kuɗinsu na shekara, su kwatanta abin da aka ware wa tayil da janareta da abin da aka ware wa koyarwa. Makarantun tauhidi irin su TCNN da ke Bukuru da makarantar Kagoro su faɗaɗa gajerun darussa na yamma da na rani domin manoma da 'yan kasuwa da ma'aikata, cikin Hausa da sauran harsunan gida. Iyayen da suka kafa waɗannan ikkilisiyoyi sun yi sujada a ƙarƙashin bishiya da rumfar kara, amma sun bar mutanen da suka san abin da suke yi. Abin kunya ne jikokinsu su bar benaye cike da mutanen da ba a koya wa komai ba.