Wasiƙa ga Masassaƙan Shanono Kan Itacen Ƙirya

Zuwa ga masassaƙan Shanono da ƙauyukanta.

Duk wanda ya daɗe riƙe da gizago ya san cewa ƙirya ce kan gaba wajen turmi da taɓarya, domin itacenta yana da nauyi da tauri, yana jure duka shekara da shekaru, gara kuma ba ta cika samun galaba a kansa ba. Sai dai wannan inganci yana tattare ne a zuciyar itacen, wato jan tsakiyar nan mai duhu, yayin da farin da ke tsakaninsa da ɓawo yake da laushi, ƙwari kuma sukan huda shi har a ga garinsa yana zuba a gindin turmi. Saboda haka masassaƙin da ya bar farin gefe domin turmi ya ƙara girma a idon mai saye ya tauye haƙƙin matar da za ta yi daka da shi.

Tsagewa kuwa, wadda ita ce babbar asarar sana'ar, tana faruwa ne saboda bakin gungume da bayansa suna rasa ruwa su tsuke kafin cikinsa ya bushe, musamman idan aka yasar da shi a rana lokacin hunturu. Abin da ya fi dacewa shi ne a rarake cikin turmin tun itacen yana ɗanye, a shafa man kaɗe a bakinsa da gindinsa, a ajiye shi a inuwa har ya bushe a hankali, sannan a yi masa sassaƙar ƙarshe. Ƙota ta fi dacewa da marke, allo kuma da aduwa, don haka babu dalilin ɓarnatar da ƙirya a kansu.

Abin da ya fi tayar da hankali shi ne ƙarancinta, domin a ƙasa irin ta Shanono, inda gona ke manne da gona, ƙirya ba ta samun filin tasowa, ga jinkirin girma, ga maƙera da ke neman gawayinta. Sai dai akwai mafita, domin manoman Maraɗi, tun shekarun 1980, suna bin hanyar da suke kira sassabin zamani, wato a zaɓi ƴan rassa masu ƙarfi daga tohon kututture a bar su su zama itace, a sare sauran. Masassaƙin da ya sayi ƙirya a gonar wani yana iya sanya barin kututturen da kare tohonsa daga awaki cikin sharuɗɗan cinikin.