Ƙasa Mai Daskarewa da Kalmomin Aro

Ɗalibin da ya tashi a Dutsi, cikin jihar Katsina, bai taɓa ganin ƙasa ta daskare ba. Iyakar saninsa jaura ce lokacin hunturu, sai ƙanƙarar da kan zubo jefi-jefi da damina. Amma littafin labarin ƙasa zai kawo masa kalmomin Ingilishi irin su "frost heave" da "permafrost" da "pingo". Galibi haddace su ake sa yara, su zuba a jarrabawa su manta, alhali kowace tana da asalin da zai sauƙaƙa fahimtarta.

"Heave" ta samo asali daga tsohuwar kalmar Ingilishi "hebban", wato ɗagawa. A ƙasashe masu tsananin sanyi, ƙanƙara kan taru a cikin ƙasa tana zuƙo ruwa daga ƙarƙashi, tana ƙara kauri, har ta ɗaga doron ƙasa, ta fasa kwalta, ta tsaga harsashin gini. Ita kuwa "permafrost", ƙasar da ke zama a daskare shekara biyu ko fiye, ba ta da wani dogon tarihi. Siemon Muller, masanin duwatsu a Amurka, shi ya fito da ita a 1943 domin ya fassara wata kalmar Rashanci. "Pingo", tudun da cikinsa ƙanƙara ce, aro ce daga harshen mutanen Inuwit na arewacin Kanada, kuma masanin tsirrai Alf Erling Porsild ya shigar da ita rubutun kimiyya a 1938.

Abin lura a nan shi ne, Ingilishin da ake ganin ya fi ƙarfin fassara shi ma sai da ya ara, ya kuma ƙirƙira. Har daga Hausa an ara: kalmar "fadama" tana nan daram a takardun Bankin Duniya, sanadiyyar shirin noman rani na Nijeriya mai wannan suna.

Saboda haka malami ba shi da hujjar cewa Hausa ta gaza. Kamata ya yi ya fara daga ƙasar da yaro ke takawa. Manomin Dutsi ya bambance jigawa da fako, ya san yadda lakar fadama ke kumbura idan ta sha ruwa, ta dare da rani. Sanyi ne ke ɗaga waccan, jiƙa ke kumbura wannan, dole malami ya fayyace bambancin. Duk da haka, yaron da ya ga bangon ɗaki ya tsage a kan laka zai gane "kumburin ƙasa saboda daskarewa" nan take.

Wasu za su ce fassarar ta yi tsawo. Haka ne, amma "permafrost" ma guntulen kalmomi biyu ce da aka haɗe, sai yawan amfani ya sa ta zauna a baki.