NAZARI: Wasannin Switch 2 da tsadar jiransu a Azare

A ranar 12 ga Satumba, 2025, kamfanin Nintendo na ƙasar Japan ya gabatar da shirinsa na bidiyo mai suna Nintendo Direct, inda ya zayyana wasannin da za su fito wa sabuwar na'urarsa ta hannu, Switch 2. Idan aka haɗa da sanarwar da ta gabata, jadawalin ya cika maƙil. Wasan ƙwallon ƙafa na EA Sports FC 26 ya fito ranar 26 ga Satumba, 2025, Pokémon Legends: Z-A ranar 16 ga Oktoba, Kirby Air Riders ranar 20 ga Nuwamba, sai Metroid Prime 4: Beyond ranar 4 ga Disamba, wanda tun 2017 aka yi wa masoyansa alkawarinsa. A Fabrairun 2026 kuma aka tsara fitowar Resident Evil Requiem.

Na'urar ta fito ranar 5 ga Yuni, 2025, kuma cikin kwana huɗu aka sayar da fiye da miliyan 3.5, abin da babu wata na'urar kamfanin da ta taɓa yi. Labarin ya iso wayoyin matasan Azare a lokacin da ya isa Tokiyo da Landan, domin TikTok da YouTube ba su san nisa ba. Na'urar da wasanninta ne dai ba sa isowa da irin wannan sauri, kuma dalilan jinkirin suna kan teburan da masu karanta wannan shafi ke aiki a kansu: darajar Naira, harajin kwastam, farashin data, wutar lantarki da dokar kare mai saye.

Lissafin aljihu

A 2025, farashin Switch 2 a Amurka Dala 449.99 ne. A canjin wancan lokaci na kusan Naira 1,500 kan kowace Dala, kuɗin ya doshi Naira 675,000, kafin a yi maganar jigila, haraji da ribar ɗan kasuwa. Mafi ƙarancin albashi da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a Yulin 2024 Naira 70,000 ne, wato sai ƙaramin ma'aikaci ya tara albashin wata tara da ɗoriya bai ci bai sha ba. Mario Kart World, wasan da aka ƙaddamar da na'urar da shi, Dala 79.99 ne idan aka saye shi shi kaɗai, kimanin Naira 120,000. Alawus ɗin mai yi wa ƙasa hidima, Naira 77,000 a wata, ba zai sayi wasan da ake sayarwa Dala 69.99 ba.

Kafin a saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa a Yunin 2023, Dala na kusan Naira 460 a farashin gwamnati. Ke nan kaso mafi tsoka na tsadar da matashin Azare ke gani daga gida ya taso.

Japan ma ta sha fama da faɗuwar kuɗinta, Yen, sai dai Nintendo ya sama wa mutanen ƙasarsa sauƙi. Ya fitar da wani samfuri mai aiki da harshen Japananci kaɗai a kan Yen 49,980, alhali mai harsuna da yawa yana Yen 69,980. Kamfani yakan yi irin wannan rangwame ne ga kasuwar da yake lissafi da ita. Najeriya ba ta cikin lissafin: kantinsa na intanet, eShop, ba shi da reshen Najeriya, sai dai mai saye ya yi rajista da sunan wata ƙasa. Na'urar da ta iso Azare ta biyo hannun 'yan kasuwa ne daga Dubai ko Landan zuwa Legas, daga nan zuwa Kano, sannan ta hau titin Kano zuwa Maiduguri, ba tare da garantin kamfani ba.

Abubuwa biyu sun ɗan sassauta a 2025. A Yuli wasu bankuna sun dawo da damar biyan kuɗi a ƙasashen waje da katin Naira, bayan dakatarwar kusan shekara uku. Daga 8 ga Satumba kuma Hukumar Kwastam ta fara yafe haraji ga ƙananan kayan da darajarsu ba ta wuce Dala 300 ba. Katin wasa ɗaya ya shiga wannan rangwame, amma ita na'urar, a farashinta na 2025, ta haura shi da Dala 150.

Katin da babu wasa a cikinsa

Akwai wani sauyi da bai ja hankali kamar farashi ba, alhali ya fi shi tasiri a garuruwa irin Azare. A da, wanda ya sayi katin wasa ya sayi wasan ke nan. Ya zura, ya fara bugawa. A Switch 2 Nintendo ya ɓullo da wani nau'i da ya kira katin mabuɗi. Kwali da kati suna nan yadda aka saba, amma babu wasan a ciki. Katin izini ne kawai na sauke wasan daga intanet. Kamfanoni da yawa da ba Nintendo ba sun rungumi tsarin saboda ya rage musu kuɗin ƙera kati mai babban rumbu. Street Fighter 6, alal misali, yana buƙatar a sauke kimanin gigabayit 50.

Ga mai intanet na waya a ƙasa a Osaka, wannan aikin shan shayi ɗaya ne. Ga ɗalibin Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh da ke Azare, ko na Jami'ar Sa'adu Zungur da ke Gaɗau, wanda da datar wayarsa ya dogara, saye ne na biyu a kan na farko. A Janairun 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanonin waya ƙarin farashi har zuwa kashi 50 cikin ɗari. Bayan kuɗin kuma akwai ƙarfin layi, domin wanda ya bar cikin Azare ya nufi ƙauyukan Zaki, Gamawa ko Shira ya san yadda sabis ke zuwa ya koma. Rumbun na'urar gigabayit 256 ne, manyan wasanni kaɗan za su cika shi, kuma ba ta karɓar tsohon katin ajiya na waya wajen adana wasa sai sabon nau'in microSD Express mai tsada.

Gaskiya ne ana iya ara ko sayar da katin mabuɗi, amma duk sabon hannun da ya karɓa sai ya sake sauke wasan daga farko. Kasuwar kayan gwanjo da musaya, wadda ita ce ta riƙe harkar wasan bidiyo a Arewa tun zamanin PlayStation 2, ta samu sabon haraji da babu hukumar da ta ɗora shi.

Shagon gem da janareta

Yawancin matasan Azare ba a ɗakunansu suka koyi wasan bidiyo ba. A shagon gem suka koya, inda ake jera talabijin da benci, a biya kuɗin wasa ɗaya, wanda aka ci ya miƙa wa na bayansa. Ƙwallon ƙafa ce sarauniyar waɗannan shaguna, shi ya sa a cikin jadawalin da ke sama FC 26 ne zai fi motsa zukata a nan, nesa da Pokémon ko Kirby. Sauran jama'a kuwa wayar Android ce na'urarsu: eFootball, Free Fire, PUBG Mobile da Ludo.

Babban abokin gabar mai shagon gem shi ne rashin wuta. Tun bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin janareta ke lashe ribarsa. A Oktoban 2024, lalacewar manyan layukan dakon wuta ta jefa mafi yawan jihohin Arewa cikin duhu na sama da mako guda. A nan ne na'urar hannu ke da wata fa'ida ta zahiri. Batirin Switch 2, bisa bayanin kamfanin, yana ɗaukar awa 2 zuwa 6 da rabi gwargwadon nauyin wasa, kuma ƙaramin sola ya isa ya caja shi. A takarda, na'ura ce da ta dace da garin da wuta ba ta zama. Farashinta ne ya mayar da ita ƙwalelen kare da hantar kura.

Akwai kuma wani tarko. Sanannen abu ne cewa shaguna da dama suna aiki da na'urorin da aka fasa musu tsaro aka loda musu wasanni. Nintendo ya tsaurara a wannan karo: ya sabunta yarjejeniyar mai amfani a Mayun 2025, kuma yana toshe wa na'urar da ya kama da katin bogi hanyar shiga ayyukansa na intanet. Na'urar da aka toshe ba za ta iya sauke wasan katin mabuɗi ba. Idan irin waɗannan na'urori suka shigo kasuwar gwanjo, mai saye a Azare ba shi da ofishin da zai kai kuka. A Brazil, hukumar kare masu saye ta jihar Sao Paulo ta ƙalubalanci kamfanin kan waɗannan sharuɗɗa. Tamu hukumar, FCCPC, tana da dalilin fara nazari tun kayan ba su cika kasuwa ba, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Sarauniya Amina a kantin wasu

Cikin wasannin da suka fito wa Switch 2 a ranar farko akwai Civilization VII na kamfanin Firaxis da ke Amurka. Ɗaya daga cikin shugabannin da ɗan wasa zai zaɓa ita ce Sarauniya Amina ta Zazzau, kuma da Hausa take magana a ciki. Tun a 2021 ma wasan Age of Empires III ya shigar da Hausawa cikin daulolinsa. Ashe tarihinmu kaya ne mai kasuwa, sai dai wasu ke saƙa shi, mu kuma mu saya da Dala.

Ƙasar Katagum ba ta rasa irin wannan jari ba. Ga Malam Zaki, mai tutar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya kafa masarautar a kan iyakar Daular Sakkwato da Borno. Ga zuwan Kyaftin Clapperton a 1824, tafiyar da abokinsa Dokta Oudney ya rasu a cikinta dab da Katagum. Ga hawan salla, ga dambe, ga dara da langa. Kowane ɗaya zai iya zama wasan waya da harshen Hausa, wanda ba ya buƙatar na'urar Naira dubu ɗari shida. Kamfanin Maliyo Games na Legas ya nuna abin mai yiwuwa ne, har ya yi wa Disney wasan Iwájú: Rising Chef a 2024. Saudiyya kuwa, wadda asusun jarinta ke da hannun jari a Nintendo, ta ware kyautar fiye da Dala miliyan 70 a gasar wasannin bidiyo ta duniya da aka yi a Riyad a 2025.

Abin da ya rage wa Abuja

Matsala ta farko ta fahimta ce. Turancin ofis yana amfani da kalma ɗaya wajen kiran caca da wasan bidiyo, kuma wannan ruɗani yana da tsada a Arewa, inda iyaye da malamai ke da hujjar ƙyamar caca. A ranar 22 ga Nuwamba, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke cewa ikon tsara harkar caca na jihohi ne, dokar tarayya ta taƙaita ga Abuja. Yanzu da jihohi ke rubuta nasu ƙa'idoji, wajibi ne a fayyace bambanci tsakanin shagon caca da shagon gem, a kuma hana na biyun rikiɗa zuwa na farko. Damuwar iyaye kan lokacin salla da karatu ita ma gaskiya ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya jarabar wasan bidiyo cikin kundin cututtukanta da ya fara aiki a 2022. Ƙayyade sa'o'in buɗe shago da shekarun masu shiga ya fi rufe shi baki ɗaya amfani, domin yaron da aka kora daga benci wayarsa zai koma, inda babu mai ganinsa.

Ta biyu ta rabon dama ce. Shirin 3MTT na Ma'aikatar Sadarwa yana da darasin ƙirƙirar wasanni da zanen motsi. Shirin iDICE, mai jarin sama da Dala miliyan 600, an ƙaddamar da shi a Maris 2023 domin matasan fasaha da ƙirƙira. Tambayar da ta kamata kowane hadimin minista ko ɗan majalisa daga Bauchi ta Arewa ya yi ita ce: mutum nawa daga Azare da Jama'are suka shiga, kuma nawa suka fito da abin nunawa? Garin da ke da Jami'ar Tarayya ta Kimiyyar Lafiya, kwalejin ilimi da Kwalejin Gwamnatin Tarayya bai rasa matasan da za su cika aji ba.

Ta uku ta layin intanet ce. Gwamnati ta yi alkawarin shimfiɗa kilomita 90,000 na wayar intanet ta ƙarƙashin ƙasa. Ranar da wannan waya ta iso makarantu da kasuwannin Katagum, katin mabuɗi zai daina zama abin tsoro, haka ma darasin likitanci ta bidiyo da cinikin hatsi ta waya.

Duk ranar fitowar sabon wasan ƙwallo matasa za su taru a shagunan Azare suna tambayar ko ya iso, kuma akasari a tsofaffin na'urori za su buga abin da ya samu. Ma'aikacin da ke Abuja, wanda ɗansa ya fara yi masa maganar Switch 2 a kan hanyar Banex, ya riga ya san nauyin kuɗin a aljihunsa. Fayil ɗin da ke kan teburinsa ne zai nuna ko ɗan ƙaninsa da ke Azare zai ci gaba da jiran wasannin wasu, ko zai samu wutar da layin da zai rubuta nasa.