Bashi Ma Lamba Ne

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a bana wani darasi ne na lissafi wanda ya wahalar da ni shekara biyu cur, kuma ina ganin yana wahalar da ƙannenmu na aji ɗaya har yanzu. Darasin kuwa shi ne na lambobin da ke ƙasa da sifiri, irin su −3 da −8, da yadda ake tara su da sauran lambobi. Ra'ayina shi ne darasin ba shi da wuya ko kaɗan. Hanyar da muke bi wajen koyonsa ita ce ta mai da shi dodo.

Bari in fara da kaina. Ran da aka fara koya mana shi, na ce a zuciyata wannan kam wasa da hankali ne. In kana da awaki uku, ta yaya za a ɗebe biyar? Da jarrabawa ta gabato sai na yi abin da kowa ke yi, na haddace wata 'yar ƙa'ida da muke rerawa a aji, wai "ɗebewa da ɗebewa tarawa ne". Aka ba mu −3 + (−5), na rubuta 8 ina murna. Amsar kuwa −8 ce. Haka na yi ta faɗuwa, har na fara gaya wa mahaifina ni ba ni da kan lissafi, gara in haƙura da burina na karatun injiniya.

Abin da ya buɗe mini ido a shagon makaranta ya faru. Wani zango na ci bashin biredi da sabulu na naira 3,500 wurin mai shago, na kuma ranci 2,000 wurin abokina. Da aka dawo hutu, mahaifina ya ba ni naira 5,000 na kashewa. Na shigo makaranta ina taƙama ina da dubu biyar. Kafin la'asar mai shago ya karɓi nasa, abokina ya karɓi 1,500 da suka rage, ya ce saura 500. Daren nan ban yi barcin kirki ba. Ina kwance sai na ga ashe abin da ake rubuta mana a allo ne ya same ni: 5,000 + (−3,500) + (−2,000) = −500. Wanda ba shi da ko kwabo ya fi ni arziki a wannan dare, don shi yana kan sifiri, ni kuwa ina ƙarƙashinsa.

Tun daga ranar na daina hadda, na koma tambayar kaina abu biyu: nawa nake da shi, nawa ake bi na? In ana bin ka naira 3, ka ƙara cin bashin naira 5, ai bashin naira 8 ke kanka. Ba a taɓa yin wanda ya tara bashi biyu ya wayi gari da riba ba. In kuwa ana bin ka 7 ka sami 4, sai ka biya, saura bashin 3, wato −7 + 4 = −3. In kana da 9 ana bin ka 4, ka biya, 5 ta rage a aljihu. Ƙa'idar ke nan gaba ɗaya. Idan alamun iri ɗaya ne, a tara lambobin a bar musu alamarsu. Idan sun bambanta, a ɗebe ƙarama daga babba, amsa ta ɗauki alamar babbar. Wanda bai son misalin bashi, ya dubi rijiya. Bakin rijiya shi ne sifiri. Guga ya sauka gaba 7, an jawo shi gaba 4, har yanzu yana gaba 3 ƙasa da baki.

Ita kuwa waccan ƙa'ida da na haddace ba ƙarya ba ce, wurinta ne daban. Tana aiki in ana ninkawa ko rabawa, da kuma in ana ɗebe lambar da ke ƙasa da sifiri. Da abokina ya tausaya mini ya yafe 500 ɗin nan, an ɗebe bashi daga kaina ke nan: −500 − (−500) = 0. Cire bashi daidai yake da kyauta. Matsalar ita ce mun haddace ƙa'idar ba mu san gidanta ba, shi ya sa muke kai ta inda ba a gayyace ta ba.

Kada wani ya ce misalin bashi na 'yan kasuwa ne, bai dace da makaranta ba. Kusan shekara 2,000 da suka wuce masu lissafi na ƙasar Sin suna amfani da tsinkaye iri biyu, ja na abin da ke sama da sifiri, baƙi na abin da ke ƙasa. A shekarar 628 wani masani na Indiya mai suna Brahmagupta ya rubuta ƙa'idojin waɗannan lambobi, kuma da sunan dukiya da bashi ya kira su. Abul Wafa, wanda ya zauna a Bagadaza a ƙarni na 10, shi ma bashi ya kira irin wannan lamba a littafin da ya rubuta domin magatakarda da 'yan kasuwa. A Ingila kuwa, har a shekarar 1758 wani masani, Francis Maseres, yana musun amfaninsu. To, in manyan masana sun yi gardama a kansu, yaron aji ɗaya da ya rikice ba daƙiƙi ba ne. Bayani kawai yake bukata.

Na san akwai masu cewa da Turanci ake jarrabawar WAEC da NECO, saboda haka bayani da Hausa ɓata lokaci ne. Ban yarda ba. Alamar −8 ba ta da yare. Yaron da ya gane ma'anarta da harshen uwarsa zai rubuta ta daidai a kowace jarrabawa, wanda ya haddace kuwa zai manta da zarar an juya tambayar. Wasu kuma suna cewa bashi ba zai bayyana kome da kome ba, musamman in an kai ga aljabara. Wannan gaskiya ne, amma ba a hawa bishiya ta ganye. A kafa gindin tukuna.

Ban da haka, waɗannan lambobi suna biye da mu ko'ina. Wanda ya ranci katin waya na naira 200 ya sa na 500, ya san 300 zai gani. Masu son ƙwallo sun san ƙungiyar da ta ci 30 aka ci ta 42 tana da −12 a jadawali. A darasin labarin ƙasa mun karanta cewa dutsen Chappal Waddi na jihar Taraba, wanda ya fi kowane tsawo a Nijeriya, ya kai mita 2,419 sama da teku, tafkin Assal na ƙasar Jibuti kuwa yana kimanin mita 155 ƙasa da teku. A kimiyya ruwa yana daskarewa a kan sifiri, kuma in sanyin asuba ya kai −6 a wata ƙasa, zafi ya ƙaru da 10, ma'auni zai nuna 4.

Saboda haka ina da roƙo uku. Malamanmu, Allah ya saka muku da alheri, ina roƙo a fara wannan darasi da bashi da rijiya kafin a ba mu ƙa'ida. 'Yan'uwana manyan ɗalibai, maimakon aiken ƙannenmu ɗebo ruwa lokacin karatun dare, mu zauna da su minti goma mu zana musu layin lamba. Na gwada da yara huɗu na ɗakinmu, uku sun gane a dare ɗaya, na huɗun ma ya kusa. Iyayenmu kuma, kada ku ce ba ku yi boko ba. Kakata mai sayar da man gyaɗa ba ta taɓa shiga aji ba, amma da gawayi take zana bashin kowa a bango, ta goge in an biya, kuma ba a taɓa cutarta ba. In mun zo hutu ku ba mu lissafin cinikinku mu yi, ku gyara mana inda muka kuskure.

Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Tun da haka ne, ya kamata kowa ya iya ƙirga nasa. Ni dai na daina cin bashi a shagon makaranta, na kuma fasa haƙura da karatun injiniya. Allah ya ba mu ilimi mai amfani, amin.